Tsakanin Gaskiya da Sutura: Tunanin Wani Mai Hoto a Birnin Shehu

Gabatarwa

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina cin abinci da kyamara a birnin Sakkwato. Na fara ne a 1998, ina yaron shago wajen wani dattijo mai ɗan ɗakin hoto a gefen titin Ahmadu Bello, zamanin da fim ɗaya ke ɗaukar hoto 36, wanda kuwa ya ɓata guda ɗaya kunnensa ne zai gaya masa. Yau ina da shagon kaina, ina da yara biyu da nake koya wa sana'a, fim ya zama tarihi, kwamfuta ta maye gurbin ɗakin duhu. Abubuwa da yawa sun sauya, amma akwai tambayar da ta ƙi barina tun ina yaron shago har na fara furfura.

Iyayenmu sun rene mu a kan abu biyu. Sun ce mu riƙi gaskiya komai ɗacinta, sun kuma ce mu rufa wa mutane asiri don Allah ya rufa namu. Muna yara ba mu taɓa zaton waɗannan biyun za su iya yin karo ba. Sai da na riƙe kyamara na gane cewa kusan kullum suna karo, kuma a kan fuskar ɗan Adam suke yinsa. Idan na nuna mutum yadda yake, wani lokaci na tona shi. Idan na suturta shi, wani lokaci na yi wa mai kallo ƙarya. To ina mai hoto zai tsaya? Wannan ita ce tambayar da nake son mu duba tare da mai karatu, daga abin da na gani a bakin aikina.

Yinin mai hoto

Aikina yana farawa da tsumma. A garin nan ƙura ba ta neman izini, balle lokacin hunturu da hazo ke rufe gari, sai ka goge gilashin kyamara sau uku kafin hantsi. Daga nan a duba batura, a duba man janareta, a warware farin ƙyallen da ake ratayawa bayan mai zama. Masu zuwa da safe yawancinsu masu hoton fasfo ne: ɗalibai masu cike takardun makaranta, maniyyata aikin Hajji, masu neman aiki, tsofaffi masu bin kuɗin fansho. Wannan hoton ba ya son ado. A ɗaga haɓa, a dubi gilashi, a gama. Sha yanzu, magani yanzu.

Da rana ta take, musamman a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ba mai hankalin da zai tsayar da mutum a waje, don hasken tsakar rana yana sa idanu su faɗa rami, goshi ya yi ta ƙyalli. Sai bayan la'asar haske ke laushi, lokacin ne nake fita wajen walimar sauka ko suna a Mabera, ko Arkilla, ko Runjin Sambo. Juma'a zuwa Lahadi kuwa na biki ne: ɗaurin aure da safe, wunin mata da yamma inda aka yarda namiji ya shiga, inda ba a yarda ba in tura wata ƙanwata da na koya wa aikin. Akwai kuma ranakun da shekara ke kawowa, irin hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Musulmi da bikin yaye ɗalibai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Amma aikin da ya fi nauyi sai dare ya yi ake yinsa, bayan an rufe shago, ni kaɗai gaban kwamfuta da fuskokin mutane ɗari uku ko huɗu. A nan ake zaɓe, a nan ake gyara. A nan ne kuma ba mai ganina sai Allah.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, shi ya sa mutane suka yarda da hoto fiye da yadda suka yarda da baki. Mu da ke cikin sana'ar mun san abin bai kai haka sauƙi ba. Tun kafin a danna kyamara an riga an yi zaɓi. Na sha ganin maigidana yana matsawa taku biyu zuwa dama don kada rusasshiyar katangar gidan ango ta fito. Na ga yana bin fim ɗin baƙi-da-fari da tsinin fensir yana shafe ƙurajen fuskar budurwa. A bayan labulen shagonsa akwai kwat guda da agogo da wayar tarho marar igiya, duk wanda ya so ya ara ya yi hoto da su. Daga baya na ji cewa shahararren mai hoton nan na Bamako, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, haka yake yi: yana ajiye agogo da rediyo da babur domin masu zuwa su fito yadda suke burin zama. Ashe gyara ya girmi kwamfuta. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne sauƙi, ta yadda aikin da ke cin yini yanzu minti biyu ya ishe shi, ba ya kuma barin tabo.

Tunda babu hoton da ba a sa masa hannu ba, ba ni da damar fakewa da cewa ni dai abin da na gani na ɗauka. Dole in nemo inda iyaka take.

Mutum uku da suka zo shagona

Ta farko wata tsohuwa ce daga wajen Ƙofar Rini. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan hoto da ya tsufa, na ɗanta da ya rasu bayan doguwar jinya. Shi kaɗai ne hotonsa da ya rage, kuma an ɗauke shi ne bayan ciwo ya cinye shi: kumatu sun zurma, leɓe ya bushe. Ta ce, "Ɗana, wanga ba shi na ba, ciwo na anka ɗauka. Ka maido man shi yadda ni san shi, ɗiyanai su gani." Na zauna da ita tana kwatanta mini, ina cika kumatu, ina gyara ido, har ta ce in tsaya, ya yi. Ta daɗe tana kallonsa ba ta ce komai ba. Idan ana bin ƙa'ida tsantsa, na sauya abin da kyamara ta gani. Amma ban taɓa jin nauyin wannan aikin a zuciyata ba, domin ranar da aka ɗauki hoton rana ɗaya ce daga cikin shekaru talatin da ya yi a duniya, kuma uwarsa ta fi kyamara saninsa.

Na biyu wani magidanci ne mai kamala, ya zo da 'yarsa. Wani ɗan'uwansu da ke zaune a nesa ya nemi aurenta, bai taɓa ganinta ba tun tana ƙarama, ya ce a aika masa hoto. Yarinyar tana da hakiya a idon hagu, idon ba ya gani. Bayan na ɗauka uban ya ja ni gefe ya ce in gyara idon ya zama kamar ɗayan. Na ce, "Alhaji, a gafarce ni, zan iya sa ta ta ɗan karkata yadda za ta fi kyau, zan gyara haske, amma idon zan bar shi." Ransa ya ɓaci. Ya ce ai rufin asiri ya nema, kuma kuɗinsa zai biya. Ya tafi bai karɓi hoton ba, na kuwa tabbata ya sami wanda ya yi masa a wani shagon.

Na daɗe ina tambayar kaina bambancin waɗannan biyu. Aikin hannu iri ɗaya ne, duka biyun kuma ƙauna ce ta kawo su. Har ma zan ce na uban ya fi ƙanƙanta, ido ɗaya ne kawai. Bambancin da na gano yana wajen wanda zai kalli hoton. Jikokin tsohuwa ba za su yanke wata shawara a kan kumatun mahaifinsu ba, babu abin da za su yi asara. Shi kuwa mai neman aure zai gina rayuwarsa a kan abin da ya gani, yana da haƙƙin ya san wadda zai aura. Ranar da ya ɗaga mayafi ya ga abin da aka ɓoye masa, wadda za ta sha kunya da wulaƙanci ita ce yarinyar da aka ce ana suturtawa. Kayan aro ba ya rufe katara. Akwai kuma abin da na gani a fuskarta lokacin da ubanta ke yi mini raɗa: ta gane abin da ake cewa, ta sunkuyar da kai. A ranar an gaya mata, ba da baki ba, cewa yadda Allah ya bar ta ba ta isa a nuna ba.

Daga nan na samo ma'aunina na farko. Sutura ita ce rufe abin da ba wanda ke da haƙƙin saninsa. Da zarar abin da aka rufe haƙƙin wani ne ya sani, sunan aikin ya koma ha'inci, ko da tausayi ne ya jawo shi.

Na uku ya fi su wuyar sha'ani. Saurayi ne da ya gama jami'a, yana da tsagar Gobirci a kumatunsa. Ya ce in shafe masa ita a hoton da zai sa a shafinsa na neman aiki, don ya gaji da yadda ake yi masa kallon ɗan ƙauye kafin ya buɗe baki. A nan ba wanda za a cuta, don tsaga ba ta hana aiki. Fuskar tasa ce, ba shi ya zaɓi a yi masa ba, yana jariri wanzami ya yi. Da wane iko zan hana shi? Na gaya masa ra'ayina, cewa wannan tsagar shaidar gidan da ya fito ce, kuma ranar ganawa da ita zai shiga. Ya ce ya ji, amma yana nan kan bakansa. Na yi masa. Sai dai na wanke masa guda biyu, wanda aka gyara da wanda ba a gyara ba, na ce na biyun kyauta ne, ya ajiye wa 'ya'yansa. Har yau ban tabbata na yi daidai ba. Abin da na sani shi ne, inda haƙƙin na mai fuskar ne shi kaɗai, iyakata shawara.

Ranar da gaskiya ta zama laifina

Kada mai karatu ya ɗauka kullum ni ne mai gaskiya a labarin. Babban kuskuren da na tafka a sana'ar nan ban gyara komai a cikinsa ba.

A watan Janairun 2021 gobara ta tashi a babbar kasuwar Sakkwato, ta ci rumfuna masu yawan gaske. Na ruga da kyamarata kamar sauran jama'a. Cikin hayaƙi da ihu na hango wani dattijon ɗan kasuwa zaune a ƙasa, hularsa ta faɗi, babbar rigarsa ta yi baƙi, hannayensa biyu a ka, yana kuka irin na yara. Na durƙusa na ɗauka. A matsayin aiki, ban taɓa yin hoton da ya kai shi ba: haske, hayaƙi, hawaye, komai ya zauna inda ya dace. Da dare na sa shi a shafina na Facebook, kafin gari ya waye ya zaga wayoyin mutane. Ana ta yaba mini, ni kuwa ina jin daɗi.

Bayan kwana uku wani saurayi ya shigo shago ya yi sallama cikin ladabi. Ya ce, "Malam, kai ne ka ɗauki hoton Baba?" Na amsa. Ya ce shekara arba'in mahaifinsu yana kasuwa, ko su 'ya'yansa ba su taɓa ganinsa kai ba hula a waje ba, ba su taɓa ganin hawayensa ba. Yanzu surukansa sun gani, masu binsa bashi sun gani, sun fara aiko masa tun toka ba ta huce ba. Tun ranar bai fita ko masallacin unguwa ba. Ya ce, "Wuta ta ci dukiyarsa, mun ce daga Allah ne. Wannan kuma daga wa?"

Ban sami amsa ba. Na goge hoton daga shafina a gabansa, amma mu duka mun san zance ne ya riga ya fita, kamar furar da ta zube a rairayi. Na bi shi har gida na nemi gafarar dattijon. Ya ce ya yafe, ba tare da ya ɗago ya dube ni ba.

Babu ƙarya ko ƙwayar zarra a hoton nan, amma ya cutar fiye da duk wanda na taɓa gyarawa. Nan na samo ma'aunina na biyu: kasancewar abu gaskiya bai ba ni izinin yaɗa shi ba. Gaskiyar da aka baza inda ba a da haƙƙinta, Hausawa sun riga sun ba ta suna, tonon silili.

Na san za a yi mini musu, kuma musun yana da ƙarfi. Za a ce idan kowane mai hoto ya sauke kyamararsa don kunya, wa zai nuna wa mahukunta da masu hannu da shuni girman asarar? Wa zai ba da shaidar yunwa da gudun hijira da zalunci? Akwai hoton da Kevin Carter ɗan Afirka ta Kudu ya ɗauka a kudancin Sudan a 1993, na wani yaro da yunwa ta kayar, ungulu na tsaye a bayansa. Hoton ya girgiza duniya, ya sa mutanen da ba su san da yunwar ba suka sani, ya kuma jawo masa babbar lambar yabo ta Pulitzer a 1994. Duk da haka jama'a ba su daina tambayar abin da ya yi wa yaron bayan ya ɗauka ba, har yau ana gardama a kai. Na yarda akwai lokacin da haƙƙin al'umma na ta sani ya rinjayi kunyar mutum ɗaya. Amma idan na yi wa kaina adalci, ranar gobara ba haka abin yake ba. Ina da hotuna sama da hamsin na rumfunan da suka ƙone, ina da na dattijon kansa daga baya inda ba a ganin fuskarsa, kowanne ya isa ya ba da labarin asarar. Na zaɓi mai fuskar ne don ya fi kyau, don a ce wane ya iya. Sunana na yi wa aiki, da mutuncin wani na biya.

Haƙƙin waɗanda ba su zo ba

Akwai mai haƙƙi na uku da ba ya zuwa shago, ba ya biyan kuɗi, ba ya kawo ƙara, wato wanda ba a haifa ba tukuna.

Mu mutanen garin nan ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ba a kuwa bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto ba sai a 1839 a ƙasar Faransa. Saboda haka duk hoton da aka nuna maka aka ce na Shehu ne, ko dai zanen tunanin wani ne ko fuskar wani bawan Allah daban. Mun san su ta littattafansu da ayyukansu, wannan kuwa ya isa darasi ga mai hoto don kada ya ɗauki sana'arsa da girman da ba ta da shi. Amma dubi waɗanda suka zo bayan kyamara. Yaron da bai san komai game da Sardauna Ahmadu Bello ba ya san fuskarsa da rawaninsa daga takardar naira 200. Wanda ya duba tsofaffin hotunan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da ya yi shekara hamsin a kan gado daga 1938 zuwa 1988, zai ga har da yanayin tufafin mutanen da ke kewaye da shi, da gine-ginen ƙasa, da kayan dawaki. Waɗanda suka ɗauki hotunan nan sun bar mana shaida, muna kuma dogara da ita don mun yarda ba su yi mana wasa da ita ba.

To mu me za mu bari? A 'yan shekarun nan abin da aka fi roƙona shi ne in ƙara wa amarya haske, wato in mayar da baƙa fara. Wasu har sai ƙawayensu sun kasa gane su. Idan muka ci gaba a haka, nan da shekara sittin jika zai buɗe hotunan bikin kakarsa ya tarar da wata mata da ba a taɓa yi ba, ya kuma ɗauka mutanen Sakkwato na zamaninmu duk farare ne, masu santsin fuska, marasa tsaga. Kowane hoto shi kaɗai ƙaramin gyara ne da bai cuci kowa ba. Idan aka tara su sai su zama ƙarya guda babba, wadda muka yi wa zuriyarmu game da kamanninsu. Tun kafin a kai can ma, ƙanwar amarya mai shekara goma tana kallo, tana koyon cewa launin da aka haife ta da shi aibi ne da ake biyan kuɗi a cire.

Shi ya sa yanzu nake gaya wa amare tun kafin mu yi ciniki: zan cire ƙurjin da ya fito jiya, zan share gumi, zan gyara inda kwalliya ta zame, amma launinki zan bar miki. Abin da zai tafi da kansa cikin mako guda ina iya riga shi tafiya. Abin da aka halicce ki da shi ba na taɓawa, sai da hujjar da zan iya kare ta gaban Allah. Na rasa ciniki saboda wannan, ba sau ɗaya ba, kuma ba zan ɓoye ba, akwai watannin da kuɗin haya ya matse ni har na sassauta fiye da yadda nake so.

Kammalawa

Na fara da tambayar wacce za a bi idan gaskiya da sutura suka yi karo. Abin da shekarun nan suka koya mini shi ne, kafin in tambayi ko hoto gaskiya ne, in fara tambayar masu haƙƙi a cikinsa. Akwai mai fuskar, wanda ya ba ni amanar kamanninsa, ko kuma na ɗauka bai sani ba. Akwai mai kallo, wanda zai yarda da ni har ya yanke shawara. Akwai na baya, wanda ba shi da wata shaida sai abin da na bari. Inda na rufe abu ba tare da na tauye ɗayansu ba, na yi sutura. Inda na bayyana abu don wani yana da haƙƙin ya sani, na yi shaida. Abin da ya fita daga waɗannan biyu, ko ha'inci ne ko tonon asiri, komai kyawun hoton.

Wannan magana ta wuce shagona, domin yau kusan kowane aljihu da kyamara a cikinsa. Duk wanda ya tsaya kan haɗarin mota ya zaro waya, duk wanda ya ɗauki almajiri yana barci a bakin titi, duk wadda ta tura hoton kishiyarta, ya shiga sana'armu ko bai sani ba, kuma tambayar da ke kaina ta hau kansa.

Yarana biyu na shago sun ƙosa in koya musu sirrin haske da inuwa, ina kuwa koya musu. Amma ranar da kowannensu ya fara, abu na farko da na sa shi ya yi shi ne ya zauna a kujerar da ke gaban farin ƙyalle, na saita masa kyamara a fuska na daɗe ban danna ba, har ya fara tsarguwa yana gyara hula. Na ce masa ya riƙe abin da ya ji, don haka duk wanda ya zauna nan yake ji. Dattijon kasuwa kuwa, na ji ya sake buɗe rumfa. Nakan bi ta layinsu idan na shiga sayen takardar hoto, in gaishe shi, ya amsa. Kyamarata tana cikin jaka duk lokacin da na bi ta wurin.